Shagon da ya warware mana zancen fatalwa a hoton Kaka

Tun ina yarinya akwai wani hoto baƙi-da-fari da ba a barinsa a fili a gidanmu. Kakanmu ne zaune kan kujera cikin babbar riga, sai wata mace a bayansa dishi-dishi, har ana hango bango ta cikin jikinta. Gwaggo ta sha rantsuwa cewa uwargidansa ce da ta riga shi rasuwa. A ƙasan adaka yake zama, nannaɗe cikin tsumma.

Watan jiya na kai shi wani shagon gyaran tsofaffin hotuna a Kano, don danshi ya fara cin gefensa. Mai shagon dattijo ne da ya yi zamanin wanke fim a ɗaki mai duhu. Ya daɗe yana dubawa da gilashin ƙara girma, sannan ya ce, "Hajiya, ba fatalwa ba ce. Mai hoton ne bai murɗa fim ba, ya ɗora hoto biyu a gurbi ɗaya." Ya nuna min bakin wata tabarma da ya ratsa ƙafar Kaka, abin da shekara da shekaru idonmu bai kai ba.

A bakinsa na fara jin labarin William Mumler na Boston a Amurka, wanda a shekarun 1860 ya mayar da irin wannan ɗorin hoto sana'a, yana sayar wa masu makoki hotunan mamatansu. An gurfanar da shi a kotu a New York a 1869, aka sallame shi. Daga baya ma ya ɗauki hoton matar tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln da siffar marigayin a bayanta, hannuwansa kan kafaɗunta. Cin kuɗin mai hawaye, wallahi abin ya sosa min rai.

Aikin kuwa ya yi kyau. Ya kwafe hoton a kwamfuta, ya share tabon danshi, kuma bai taɓa matar ba sai da ya tambaye ni. Na ce a bar ta. Inda ya gaza shi ne alƙawari: kwana uku ya ce, sai da na yi zarya har kwana tara.

Da Gwaggo ta ga babban bugun, ta yi shiru, ta shafa fuskar matar. Ashe ƙanwar Kaka ce da ta yi aure a Maraɗi, kuma ba mu da wani hotonta sai wannan. Yanzu a falo yake rataye.