Kolibri a ajin firamare: abin da yake iyawa da inda yake gazawa

A ajin CM1 (aji biyar na firamare) a Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru za ka tarar da yaron da ya iya rabawa, kusa da shi kuma wanda tarawa da ajiya ke ba shi wuya. Malami ɗaya da allo ɗaya ba za su bi kowa da saurinsa ba. Nan ne Kolibri, manhajar koyarwa ta kyauta ta ƙungiyar Learning Equality, ke da amfani.

Ba ya buƙatar intanet a cikin aji. Ana ɗora shi a kan kwamfuta ɗaya ko Raspberry Pi (wata 'yar ƙaramar kwamfuta), a sauke darussa sau ɗaya inda akwai layi mai ƙarfi, ko a kwafo su ta kebul na USB. Sai a haɗa na'urar wifi, wayoyi da tablet su shiga ta burauza. Idan na'urori sun yi yawa kada a dogara da wifi ɗin Raspberry Pi kaɗai, bidiyo zai riƙa tsayawa.

Ɓangaren malami shi ne ƙarfinsa. Ka fara da ɗan gwaji, ka raba ajin rukuni uku bisa sakamako, ka ba kowane rukuni darasinsa. Rahoton yana nuna tambayar da yaro ya faɗi, har da amsar da ya bayar. Amma manhajar ba ta zaɓa wa yaro mataki da kanta. In malami bai duba rahoto duk mako ya sauya rukuni ba, yaran za su zauna suna kallon bidiyo kawai. Kuma kowane yaro ya shiga da sunansa. Yara uku a kan suna ɗaya, rahoton ya tashi banza.

Inda ya gaza shi ne darussan. Lissafin Faransanci na Khan Academy (ƙungiyar da ke samar da darussa kyauta) yana da kyau, sai dai ba a kan tsarin karatun Kamaru aka jera shi ba, don haka mai shirya yara wa CEP, jarrabawar kammala firamare, dole ya zauna ya tsamo abin da ya dace. Maɓallan manhajar suna da Hausa da Fulatanci, amma darussa a harsunan nan kaɗan ne, abin takaici ga 'yan SIL da CP (aji ɗaya da aji biyu) da ba su kama Faransanci ba tukuna.

A tanadi batir da sola, domin ɗaukewar wuta ba zato na lalata katin SD, ma'ajiyar bayanan Raspberry Pi. A zafin Maris da Afrilu a ajiye kwamfutar a inuwa, a riƙa kaɗe mata ƙura.