Wane keke ya dace da mai shirin tsere a Damagaram?

Matashin da ya ƙudurta shiga tseren keke yakan tarar da zaɓi uku a gabansa: sabon keke mai ƙyalli da araha, keken tsere na hannu da ya fito daga Turai ta Kwatano ko ta Kano, sai kuma keke mai manyan tayoyi na hawan tudu.

Sabon nan mai araha shi ne ya fi jan ido a shagunan Kasuwar Dole, shi ne kuma ya fi saurin ba da kunya. Fentin tsere gare shi, amma ƙarfensa nauyi, giyarsa ba ta zama inda aka sa ta. Yana kai yaro lakwal, ba ya kai mutum Takeita ya dawo sau uku a mako. Mai manyan tayoyi kuwa yana da rana a yashi da hanyar laterit, ya kuma ƙarfafa ƙafa, sai dai a kan kwalta abokan tafiya za su bar ka kana haki.

Ni dai na hannun nake ba da shawara, amma da sharaɗi. A nemi firam ɗin alminiyum ko na ƙarfe. Na kabon ya fi sauƙin nauyi, gaskiya ne, sai dai yakan tsage a ƙarƙashin fenti ido bai gani ba, kuma mai walda ba shi da abin da zai yi masa. Juya keken ka duba inda bututu ya haɗu da bututu, musamman ƙarƙashin feda da wuyan kai. Ɗaga tayar gaba ka juya ta, ka zuba ido kan tazarar da ke tsakaninta da robar birki. In tana lilo, gyara na jiranka. Haƙoran giya da suka yi tsini suka karkata gefe guda sun gama aiki, sarƙar ma haka, sai ka rage wannan a ciniki.

Batun giya ne mutane suka fi ɓarnar kuɗi a kai. A jerin Shimano, kamfanin da ke ƙera giyar keke, Claris mai faranti 8 ne a tayar baya, Sora 9, Tiagra 10, sai 105 mai 11 ko 12. Yawan farantin na tafiya da sirantar sarƙa, tsadarta da wuyar samunta. A garin da ƙurar hunturu ke cin sarƙa kamar gara, mai 8 ko 9 ya wadatar, don kayansa sun fi samuwa kuma mai gyaran unguwa ya san kansu. Haka birki: daminarmu gajeriya ce, birkin roba na yau da kullum ya isa, ba sai mai faifai da ke aiki da mai ba.

Girman keke ya fi sunansa muhimmanci. Mai tsawon santimita 170 zuwa 175 galibi firam mai santimita 54 ne nasa. Hau ka gani: in feda ta kai ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan kawai. Keken da ya yi maka girma, komai kyansa, ciwon baya zai saya maka.

Kada kuɗin su ƙare a kan keke. Ware wajen kashi ɗaya cikin huɗu don hular kwano, wando mai soso, gorunan ruwa biyu, famfo, da taya mai faɗin milimita 28 mai kauri, domin ƙayar aduwa ba ta raga wa siririyar 23. Ga wani ƙaramin abu da ke tsayar da mutane a hanya: bakin iskar keken tsere siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi, don haka ka riƙa yawo da ƴar mahaɗar da ke haɗa bakin da famfo a aljihu. Baƙin man inji kuma ka nisanta shi da sarƙa, yashi yake tarawa.

Sayen ya kasance aƙalla wata biyu kafin gasa, jiki ya saba da sirdi. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, atisaye sai bayan sallar asuba, hanyar Mirriya zuwa da dawowa kafin rana ta ɗaga. Makon ƙarshe a rage nisa, kuma ranar tsere kada a hau da sabon sirdi ko sabon takalmi da ba a taɓa gwadawa ba.