Ƙarfen ɗaga inji da aka haɗa mana a Magazin ɗin Suame, bayan wata shida ana aiki da shi

Yayana yana da gareji a Aboabo, inda yake gyaran motocin haya da na ɗaukar kaya, kuma ya yi shekaru yana ciro inji da bututun ƙarfe guda uku da ake haɗa kawunansu a ɗaure da sarƙa. Ni kuwa malami ne, ina koyar da lissafin ƙarfi da nauyi a wata makarantar koyon sana'a a nan Kumasi, kuma duk ranar da na ga inji yana lilo a ƙarƙashin waɗannan bututai, yaran gareji suna zagaye da shi, hankalina ba ya kwanciya. Da ya yanke shawarar a haɗa masa ƙarfen ɗaga inji na sosai, sai ya ce in raka shi wajen wani mai walda a Magazin ɗin Suame, wato unguwar garejoji da masu aikin ƙarfe ta Kumasi, dattijo ɗan Zango wanda kowa ke ce wa Masta. Aikin nasa ya gamsar da ni ta fuskoki da yawa, amma akwai aibu guda da ya kusa jawo haɗari, kuma ya kamata duk mai niyyar yin irin wannan oda ya san shi.

Abin da muka nema shi ne ƙafafu biyu masu tsayin mita 3, da bim na ƙarfe kwance a kansu, da ƙaramar kura mai tayoyi da ke gudu a jikin bim ɗin tana ɗauke da sarƙar ɗaga kaya. Mun ce a yi shi don kilo 600, domin ya ɗauki injin dizal haɗe da giyarsa har a samu rara.

Tun a zaman farko na gane cewa mutumin ya san aikinsa. A aji muna koya wa ɗalibai cewa abu ba ya tsayawa cak sai an cika sharuɗɗa biyu: ƙarfin da ke danna shi ƙasa ya yi daidai da wanda ke tallafe shi, sannan ƙarfin da ke neman juya shi ta hagu ya yi daidai da mai neman juya shi ta dama. Idan aka rataya kilo 600 a tsakiyar bim mai tsawon mita 3, kowace ƙafa tana ɗaukar kilo 300. Idan aka tura kurar ta koma mita 1 daga ƙafar hagu, ta hagun za ta ɗauki kilo 400, ta dama ta ɗauki 200, domin ƙafar da kaya ya fi kusa da ita ita ce ke shan nauyi, kamar yadda mutum biyu masu ɗauke da buhu a kan sanda suka sani a kafaɗunsu. Yayana ya so a rage kaurin ƙafafun don a rage kuɗi, yana cewa ai su biyu ne za su raba nauyin. Masta ya girgiza kai ya ce da shi: "Alhaji, inji ba ya zama a tsakiya. Ranar da yaranka suka tura shi ƙarshe, ƙafa ɗaya ce za ta ɗauke shi duka." Wannan ita ce amsar da nake nema daga ɗalibaina a jarrabawa, kuma kaɗan ne ke ba ni ita a karon farko. An yi kowace ƙafa yadda za ta ɗauki kilo 600 ita kaɗai.

Mun fi daɗewa a kan zaɓen bim ɗin. Yayana ya so a faɗaɗa shi zuwa mita 4 domin babbar mota ta shiga ƙarƙashinsa a sake, Masta kuwa ya ce idan aka yi haka sai an canza ƙarfen gaba ɗaya. Lissafi yana tare da shi. Ƙarfin da ke lanƙwasa bim ya fi tsanani a tsakiya, kuma ana samun sa ne ta hanyar ninka nauyin da tsawon bim ɗin a raba huɗu, wato idan an tashi daga mita 3 zuwa 4 ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Lotsawar ƙarfen kuwa tana bin tsawon ne sau tsawon sau tsawon, saboda haka wannan ƙarin mita ɗaya tak zai sa bim ɗin ya lotsa fiye da ninki biyu. Magina na gargajiya sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ba su shimfiɗa azara ɗaya a kan ɗaki mai faɗi, sai su yi ta jera gajeru suna fitowa daga kusurwa. Mun tsaya a mita 3.

Ƙarfen da ya zaɓa shi ne mai siffar harafin I, wanda zurfinsa ya kai milimita 160, kuma ya ƙi wani bututu mai kusurwa huɗu da ya fi araha. Dalilin yana cikin yadda ƙarfe ke lanƙwasa: samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa, tsakiyarsa kuwa kusan ba ta yin komai, don haka siffar da ta tara ƙarfe a sama da ƙasa ta fi amfani da kowane kilo da aka saya. Wannan batu ya ba manyan masana wahala. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya yi nazarin katakon da aka kafe a bango cikin littafinsa na shekarar 1638, amma ya ɗauka cewa katakon yana juyawa ne a gefensa na ƙasa, sai waɗanda suka biyo bayansa suka gyara kuskuren. Ƙarfen na hannu ne, kamar yawancin abin da ake aiki da shi a Suame, amma Masta ya kankare tsatsar a gabanmu, ya ja igiya a jikinsa don ya nuna mana cewa bai taɓa karkacewa ba. Waldar tana da tsabta, ba ramuka, kuma ya sa farantan ƙarfe masu kusurwa uku a inda ƙafafu suka haɗu da bim.

Da aka kawo shi gareji na nace sai an gwada kafin a rataya inji. Mun ɗora buhunan siminti 15 a kan katako, kowanne kilo 50, wato kilo 750, muka ɗaga su kaɗan daga ƙasa a tsakiyar bim ɗin. Na auna lotsawar da igiya da rula, ba ta kai milimita 3 ba, kuma da aka sauke kayan ƙarfen ya koma yadda yake.

Aibun yana ƙasa, wajen tafin ƙafafun, kuma ni ma ban lura da shi ba a ranar gwaji domin mun ɗaga kayan ne a miƙe. Faɗin tafin kowace ƙafa mita 1.2 ne kacal, wato santimita 60 ta gaba da santimita 60 ta baya. Abu mai tsayi ba ya kifewa muddin layin da nauyi ke bi ya faɗo cikin tafinsa, to amma da zarar ya fita waje babu abin da zai riƙe shi. A tsayin mita 3, idan ba a lissafa nauyin ƙarfen kansa ba, sarƙar ba ta buƙatar karkata fiye da digiri 11 kafin layin ya kai bakin tafin. A mako na uku wani yaron gareji ya jawo inji ta gaba don ya kai shi kan tebur, sai bayan tafin ƙafafun ya ɗaga daga ƙasa. Allah ya kiyaye, ya saki da sauri, ƙarfen ya koma ya zauna. Mai walda da ya san yadda ake aiki a gareji ya kamata ya hango cewa babu bakaniken da ke jan sarƙa a miƙe kullum, kuma wannan ne ya sa ba zan ce aikin ya fito cikakke daga hannunsa ba.

Yadda ya karɓi koken ya ƙara masa daraja a idona. Ya zo Aboabo da kansa, ya duba, bai yi musu ba, ya ce da yayana: "Alhaji, wannan laifina ne." Ya faɗaɗa tafin zuwa mita 2, ya ƙara tokare daga bakin tafin zuwa tsakiyar ƙafa, kuma kuɗin ƙarfe kawai ya karɓa. Yanzu sai sarƙar ta karkata kusan digiri 18 kafin a shiga haɗari, duk da haka mun hana yara jan inji ta gefe, sai dai a turo tebur ƙarƙashinsa.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Ya makara da mako guda a kan ranar da ya yi alkawari. Bai sa abin tare kura a ƙarshen bim ɗin ba sai da muka tuna masa, kuma bai rubuta iyakar nauyi a jikin ƙarfen ba, ni na sayi fenti na rubuta kilo 600 a ɓangarorin biyu. Wanda zai ba shi irin wannan aiki ya tafi da awon wurinsa da nauyin injin da ya fi girma a garejinsa, ya faɗa masa faɗin tafin da yake so tun kafin a yanka ƙarfe, sannan ya duba daɓen da za a ajiye shi. Namu daɓen yana da ɗan gangare ta wajen ƙofa, kuma sai da muka zuba siminti muka daidaita wurin kafin ƙafafun suka zauna daram a kan kusurwoyinsu huɗu.