Filin kwanan tirela na gaban Kwangila: a biya kuɗin fili, a bar musu ɗakunansu

Idan ka baro gadar Kwangila ka miƙi hanyar Kano, kafin gidajen Zariya su ƙare maka, akwai wani fili da aka kewaye da katangar bulo aka sa masa get na ƙarfe, manyan motoci suna kwana a ciki. Ko allo babu a ƙofar, mu direbobi fili kawai muke ce masa. Tun daminar bara nake shiga da tirelata duk sanda dare ya yi mini a gari da kaya a baya, kuma abokan aiki sun ishe ni da tambaya ko wurin ya ci kuɗinsa. To ga abin da idona ya gani.

Ni ɗan Tudun Wada ne, iyalina na can, ɗan acaɓa ɗaya zai ajiye ni a ƙofar gida. Duk da haka a cikin kan mota, wato ɗakin direba, nake kwana. Wanda bai taɓa sa hannu a takardar kaya ba, shi zai ce wannan wahalar da kai ce. In aka yi maka lodin masara buhu 300 a Giwa aka ɗaure tamfol, amanar tana wuyanka har sai an ƙirga a Ibadan, buhu ɗaya ya ɓata daga kuɗinka za a cire. Tirela kuma ba ta shiga lungun unguwarmu. Don haka nakan leƙa gida da la'asar, in ci tuwo in ga yara, bayan isha'i in dawo wurin mota.

Kafin a buɗe filin, a gefen titi muke jeruwa kamar yadda ake yi a Maraban Jos da Tafa, kuma kowa ya san barcin gefen titi rabi da rabi ne. Ɓarawon tirela ba motar yake so ba. Gas yake so, ya zura tiyo a tanki ya cika jarka cikin mintuna, musamman tun 2022 da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi. Ko batir, tunda motocinmu volt 24 ne, batir biyu manya masu 12 kowanne, a waje suke cikin akwati, sifana ɗaya ta ishe shi. Ko ya sa reza ya farke tamfol ta baya ya jawo buhu. Ga kuma mai ƙaramar mota da ke tafe da gudu yana gyangyaɗi, ya zo ya shige ƙarƙashin bodinka, da safe 'yan Road Safety su ce ina alamar da ka ajiye.

Abin da filin nan ke sayarwa ke nan, katanga da maigadi, kuma a nan ban ga abin kushewa ba. Kuɗin kwanan mota bai kai na gas lita biyu ba. Kana shiga maigadi zai rubuta lambar mota a littafi, ya ba ka kati, ya tambaye ka ƙarfe nawa za ka tashi. Tambayar nan ita ta fara burge ni. Masu fita da asuba ana jera su kusa da get, masu jiran lodi ko makanike ana tura su ciki. Duk wanda ya taɓa tashi ƙarfe huɗu ya tarar da tanka biyu sun toshe shi, direbobinsu sun shiga gari sun kashe waya, ya san darajar wannan tsari. Ana rufe get wajen sha biyu, masu gadi suna zagaye da tocila, kuma har yau ban duba tankina da safe na ga ya ragu ba.

Ƙasar wurin marmara ce aka zuba aka daddaɓe, amma aikin bai kai ƙarshen fili ba. Kusurwar baya ta hagu, a watan Agusta kada ka yarda a kai ka can da kaya. Na ga wata mai siminti ta nutse har aksil, sai da aka sauke rabin kayan kafin wata ta ja ta. Abu na biyu da ba na so, wani lokaci suna barin tankar fetur ta tsaya dab da rumfar mai shayi, ga wutar risho tana ci. Na yi wa babban maigadin magana, ya ce "Oga, gaskiyarka, za a gyara," aka gyara na 'yan kwanaki aka koma gidan jiya.

Ruwa akwai, burtsatse ce da tanki a sama, sola ke ja. Bokitin wanka kuɗi kaɗan ne, na alwala kyauta. Masallaci ɗan ƙarami ne amma a share yake, ana jam'in asuba. Mai shayi yana kaiwa tsakar dare, indomi da ƙwai da burodi, akwai kuma wata baiwar Allah da ke kawo tuwon masara da miyar kuka bayan magariba, in ka makara sai ƙanzo. Bayan gida ne dai matsala. Guda uku ne ga mutanen da kan cika fili, sau ɗaya ake wankewa a yini. In kana da hali ka shiga da dare, don da asuba sai ka toshe hanci.

Sai ɗakuna. Sun gina guda shida a jere a gefen masallaci, kowanne da katifa a ƙasa da fanka a sama, kuɗin ɗaki ya ninka na fili kusan sau uku. Na taɓa kama ɗaya lokacin da zazzaɓi ya kama ni a hanya. Fankar da janareta take aiki, janareta kuma sha biyu ake kashe shi, daga nan sai zufa. Zanin gado ban san rabonsa da ruwa ba, kuɗin cizo kuwa sun yi walima a jikina. Amma ko da an gyara duk wannan, akwai aibin da ba ya gyaruwa: tagar ɗakin katanga take kallo. Ina kwance kunnena na waje, ƙarfe ya yi ƙara kaɗan in miƙe in fita duba mota. Wajen ƙarfe biyu na naɗe bargona na koma kan mota, a can barci ya ɗauke ni.

A bencin mai shayi wannan gardama ba ta ƙarewa. Akwai wani dattijo da ya fara tuƙi tun zamanin Marsandi 911 mai bodin katako, wadda ba ta da gado, a kan kujera ake lanƙwashewa. Shi kullum ɗaki yake kamawa. Ya ce mana, "Ku yara ne, bayanku bai fara magana ba. Ranar da ya fara, ko ɗakin kuɗin cizo ne za ku biya ku miƙe ƙafa." Na ce, "Baba, to kayan fa?" Ya ce kaya ai Allah ke tsarewa, sannan ga yaransa biyu a gindin mota. Wani mai jan DAF zuwa Apapa ya ce shi ko kyauta aka ba shi ɗaki ba ya so, kan motarsa ya fi masa ko'ina, ya san warin katifarsa, ya san inda tocila da carbinsa suke a cikin duhu. Wanda na fi yarda da maganarsa wani matashi ne mai jan tirelar Howo, ya ce mu daina cika baki, ba so ne ke kwanar da mu a mota ba, kuɗin hanya ne. Maigida zai ba ka a dunƙule, ciki har da abinci, da na shingaye, da na faci in taya ta yi. Duk abin da ka ba mai ɗaki, daga cefanen gidanka ya fita. Babu wanda ya musa masa. Masu ɗaukar tumatir su ba sa ma shiga hirar, kayansu ba ya jira, sai dai su sha shayi a tsaye su wuce.

Ni kuma ba zan yi wa kwanan mota kirari ba. Gadon da ke bayan kujeru da kyar yake ɗaukar mutum ɗaya, in ka juya gwiwarka ta daki bayan kujera. Motoci masu shafaffen kai irin tawa, injin a ƙarƙashin gadon yake, don haka bayan ka kashe mota zafinsa na nan yana tasowa ta cikin katifa na awanni. Cikin hunturu, Disamba da Janairu, wannan ni'ima ce, bargo ɗaya ya ishe ka. A watan Maris da Afrilu kuwa sai ka jiƙa tawul ka shimfiɗa. Barin inji a kunne don iska asarar gas ce da maigida ba zai yafe ba. Abin da nake yi, ƙaramar fanka mai maƙalewa da nake cajinta da rana, ba na jona ta da batirin mota don kada in tashi mota ta ƙi tashi, sai gidan sauro na mutum ɗaya da nake ɗaurewa a mariƙin hannun da ke saman ƙofa, in sauke gilashi kamar yatsu biyu kowane gefe. Masu shigar da kaskon gawayi cikin kan mota lokacin sanyi su rufe gilashi ruf, wallahi su daina, hayaƙin nan ba shi da wari kuma yana kashewa cikin barci.

Abin da ya fi komai daɗi a wurin nan kuma ba a karɓar ko sisi a kansa, rumfar kwano ce da aka yi wa daɓen siminti don yaran mota. Duk hirar da muke yi ta gado da katifa, ta direba ce. Yaron mota tabarma yake shimfiɗawa a ƙarƙashin bodi tsakanin tayoyi, ga sauro, ga ruwan sama, ga haɗarin mota ta gangara in ba a sa weji ba, ko wani ya tayar da mota cikin magagi bai leƙa ƙasa ba. A gefen titi dole yarona ya kwana a can, don shi ne idon tanki. A nan, tunda akwai masu gadi, cewa nake ya tafi rumfa ya yi barcinsa. Ranar farko bai yarda ba, ya ce "Oga, gas fa?" Na ce ya je, ina jin komai daga sama. Washegari har muka wuce Jaji bai yi gyangyaɗi ba, abin da ban saba gani ba.

Wanda zai je, ya shiga kafin isha'i, musamman lokacin kaka da motocin hatsi ke yawa, don bayan ƙarfe tara sai dai ka samu kusurwar da na ce a guje mata. Ka faɗa wa maigadi lokacin tashinka na gaskiya, ka riƙe katinka don ba a fita sai da shi, ka zo da butarka da sabulunka. Masu wurin kuma, in wannan ya kai gare su, kuɗin da suka zuba a ɗakuna shida, da ma bayan gida suka ƙara da shi, su zuba marmara a baya, su matsar da mai shayi nesa da tankoki.