Tsohon jirgin Laser na hannu: abin dubawa kafin a biya, da gyaran da za a iya yi a Kano

Laser ƙaramin jirgin ruwa ne na mutum ɗaya da iska ke turawa, wanda Bruce Kirby ɗan Kanada ya zana, ya shiga kasuwa a 1971. Tsawonsa mita 4.2, gangar jikinsa ta faiba ce mai nauyin kusan kilo 59, mutum biyu sa ɗora shi kan mota a nufi Tiga ko dam ɗin Challawa. An ƙera fiye da 200,000, shi ya sa na hannu ba ya wuyar samu a garuruwan bakin teku. A ra'ayinmu tsohonsa ya cancanci saye, amma da sharaɗi uku: ramin sanda, nauyi da ƙwarin wurin zama.

Doguwar sandar da ke riƙe ƙyallen iska ba ta da wayoyi a gefe, tana zaune ne kawai cikin wani rami a saman jirgin, duk ƙarfin iska a gindin ramin yake sauka. Yashi na shiga, sanda na juyawa a kansa kamar taɓarya a turmi, har gindin ya cinye. Gwajin ba ya cin ko sisi. A cika ramin da ruwa har baki, a bar shi awa ɗaya a inuwa. Idan ruwan ya sauka, akwai tsaga. Ranar da iskar hunturu ta taso sosai, ramin na iya ɓallewa ya tsaga saman jirgin gaba ɗaya.

Gyaransa shi ne a yanka ƙofa zagayayya mai faɗin inci 5 ko 6 kusa da ramin, a sa hannu a kankare tsohon gam ɗin da ke gindi, a goge da sanfefa lamba 80, a wanke da asiton. Sai a cike kewayen da ifoksi mai kauri (gam ne da ake kwaɓawa da maganin daskarwa), a bi da ƙyallen faiba hawa uku zuwa huɗu, kowane hawa ya ɗara na ƙarƙashinsa faɗi. A rufe ƙofar da murfin roba mai zare. Nan ne masu gyaran bamfar mota kan yi kuskure: hannunsu ya iya faiba, amma sun saba da rezin foliyesta, wanda ba ya kama tsohuwar faiba kamar ifoksi. A kai musu ifoksin, a kuma tsaya a kan awon da ke jikin gwangwani, don ƙara maganin daskarwa a ifoksi ba ya sa shi saurin bushewa, lalata shi yake. A watan Afrilu kuwa, kwaɓin yakan ɗau zafi ya daskare cikin kofi kafin a shafa rabi. A riƙa kwaɓa gram 100 kacal, da sassafe.

Sai nauyi. A ɗora gangar jikin kan sikelin 'yan hatsi. Idan ta haura kilo 65, ta sha ruwa. Don gano mashigar, a toshe ɗan hujin numfashin da ke gaban wurin zama da salatif, a hura iska da baki ta hujin zubar da ruwa na baya, wani na shafa ruwan omo a haɗin saman jirgin da ƙasansa, da kewayen ramin allon tsakiya (allon da ake zurawa cikin ruwa don kada iska ta ja jirgin gefe), da kusoshin sitiyarin baya. Inda kumfa ta tashi, nan ne. Kada a kuskura a sa injin mai faci, zai buɗe haɗin. Busarwa dai Kano ta fi ko'ina: a bar ƙofar a buɗe makonni kaɗan cikin hunturu.

Inda ake zama a gefe, a danna da tafin hannu. Idan ya lotsa yana ƙara, fatar faiba ta rabu da soson da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta. Ƙaramin wuri ana huda shi da ƙananan huji tazarar inci 2, a ɗura ifoksi da sirinji, a danne da bulo. Idan laushin ya mamaye gefe biyu, a haƙura da jirgin komai arharsa.

Raunin cinikin a nan shi ne kayan sama. Sanfefa, ribiti da kusoshin da ba sa tsatsa a neme su a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, amma ƙyallen iska da sandunan alminiyam sai an yi oda. Doguwar sandar gida biyu ce, ta sama da ta ƙasa. Saboda haka a mirgina sandar sama a kan siminti a ga ko ta lanƙwashe, a duba farin gari a kewayen ribiti, alamar ƙarfen na ciwuwa. Ƙyallen kuma a ja shi tsakanin yatsu. Wanda rana ta ci yakan yage kamar takarda. Babban ƙyalle murabba'in mita 7.06 ne, ya fi dacewa da mai jiki. Wanda bai kai kilo 70 ba ya nemi ƙaramin ƙyallen da ake kira Radial, mai 5.76, tare da gajeriyar sandar ƙasa tasa.

Allon tsakiya yana nitsewa kusan santimita 80 a ruwa, don haka a ɗaga shi rabi in an doshi gaɓa ko wurin da masunta suka shimfiɗa raga. Rigar kariya daga nitsewa kuwa a sa kuɗinta cikin lissafi tun farko, don Laser na kifewa ko a hannun gwani.