Gasasshiyar Agwagwa da Romon Kanton a Wani Gidan Abinci na Musulmi a Gwanzu

A ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Auyo, inda ruwan kogin Hadejia ke shayar da gonakin shinkafa, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da agwagi suna yawo a tsakar gida ba, amma da wuya kuma ka ji an yanka wa baƙo agwagwa. Kaza ake yankawa ko zabuwa. Mutanenmu suna cewa naman agwagwa yana da ƙarni da tauri, wasu kuma suna ƙyamarta saboda yadda take cusa baki a kwatami. Da wannan ra'ayi na girma, kuma da shi na tafi birnin Gwanzu na ƙasar Sin a watan Oktoban bara, lokacin da manoman yankinmu suka wakilta ni in duba injin gyaran shinkafa a babbar kasuwar baje kolin Kanton, wadda ake yi tun shekarar 1957, sau biyu a kowace shekara. Kanton shi ne tsohon sunan da Turawa suka san birnin da shi, kuma da wannan suna girkin lardin Gwandon, inda birnin yake, ya shahara a duniya.

Kafin maganar ɗanɗano, akwai maganar halal, wadda ita ce ta fi damun duk wanda ya tashi daga wajenmu. A kusan kowane titi na birnin akwai shagunan gashi masu tagar gilashi, inda ake rataye agwagi da dinya suna ƙyalli, amma a gefensu akwai naman alade, kuma katako ɗaya da wuƙa ɗaya ake amfani da su wajen sara. Bayan haka, yawancin masu gashin suna zuba giyar shinkafa a cikin haɗin da suke tsima naman. Saboda haka ganin agwagwa kaɗai bai isa hujjar shiga ba. Abin da ake nema shi ne alamar halal, haruffa biyu na Sinanci da ake karantawa “cinjen”, galibi a kan koren allo, wani lokaci tare da rubutun Larabci. Yawancin wuraren da ke ɗauke da wannan alama masu taliyar Lanzu ne ko masu tsiren ragon Shinjan, kuma abincinsu na arewa maso yammacin ƙasar ne, ba na Kanton ba. Gidan da nake magana a kansa yana cikin ƙalilan da ke yin girkin Kanton na asali bisa ƙa'idar Musulunci. Yana cikin tsohon gari, tafiyar ƙafa kaɗan daga masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar Sin, kuma Musulmi 'yan ƙabilar Hui ne ke gudanar da shi. Na ci abinci a wurin sau biyu, da rana bayan sallar Juma'a, sannan da dare bayan kwana uku.

Ɗan wani abokina da ke karatu a birnin ne ya raka ni, shi ne kuma tafintana. Da muka zauna aka kawo butar shayi da wani babban kwano wanda babu komai a ciki, sai ya ce, “Kawu, kada ka sha wannan na farko, da shi ake ɗauraye kofi da tsinkayen cin abinci.” Al'adar garin ce, kuma na ga kowane tebur yana yin haka. Ya nuna mini cewa idan aka zuba wa mutum shayi, yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu a madadin godiya. Ana lissafa kuɗin shayin a kan kowane mutum, ko ya sha ko bai sha ba, kuma ya kamata baƙo ya san haka tun kafin a kawo masa takardar biya.

Romo aka fara kawowa, domin mutanen Kanton da shi suke buɗe ciki kafin shinkafa. Ba miya ba ce irin tamu mai kauri da ake haɗawa da tuwo, kuma ba farfesu ba ne mai yaji da masoro. Suna kiran irinsa romon tsohuwar wuta, saboda ana barin tukunyar ƙasa a kan ƙaramar wuta na tsawon awa uku ko huɗu, har nama ya sauke duk abin da ke jikinsa cikin ruwa. A sauran gidaje ƙashin alade ne ginshiƙin wannan romo, amma a nan da tsohuwar agwagwa aka yi shi, tare da wani farin duma mai sanyi, da citta, da busasshen ɓawon lemo da ake ajiyewa shekaru har ya yi baƙi, da wasu jajayen 'ya'yan itace busassu waɗanda na gane nan take cewa dangin magarya ne, sai dai sun fi tamu girma da zaƙi. Ruwan ya fito garau, ana hango gindin kwano, an kwashe kitsen da ke sama har sai ɗan abin da ba a rasa ba. A cokali na farko na ji kamar gishiri ya yi kaɗan, har na ɗaga kai ina neman yaji. A cokali na huɗu sai ɗanɗanon naman ya fara bayyana, ƙamshin ɓawon lemon yana biye da shi, kuma babu ko alamar ƙarnin da nake tsoro. Na shanye kwanon na nemi ƙari. A ganina wannan romo shi ne mafi ingancin abin da gidan ke sayarwa, duk da cewa ba shi ne ke jawo mutane daga titi ba.

Agwagwar kuwa rabi muka saya. Mai saran yana tsaye a bayan gilashi, ya sauke ta daga ƙugiya, ya zare tsinken ƙarfen da aka ɗinke cikinta da shi, ya tsiyaye ruwan da ke ciki a wani kwano, sannan ya sassara ta da faffaɗar wuƙa, har da ƙashi, ya jera yankan a faranti kamar ba a raba su ba, ya kwarara ruwan nan a kai. Ta bakin tafinta na tambayi yadda ake yin ta, kuma bayanin ya nuna mini cewa aikin kwana guda ne. Ana cika cikinta da haɗin ruwan waken suya da aka tsima, wanda aikinsa a girkinsu ya yi kama da na daddawa a namu, da citta, da albasa mai lawashi, da kanumfari, da kirfa, da wani kayan ƙamshi mai siffar tauraro. Sai a ɗinke, a hura iska tsakanin fata da tsoka, a kwara mata tafasasshen ruwa don fatar ta ɗame, a shafe ta da ruwan khal da wani zaƙi da ake samu daga tsiron hatsi, a rataye ta a iska har ta bushe sarai, kafin a gasa ta a rataye cikin tanda. Wannan ya bambanta da agwagwar Bejin, wadda ake yanka fatarta siriri a naɗe cikin waina marar kauri. Ta Kanton da shinkafa ake ci, tare da wani ɗan miya mai zaƙi da tsami da ake tsoma yanka a ciki.

Fatar ta yi ja mai duhu kamar sabuwar fatar majema, tana ƙaras a baki, kitsen da ke ƙarƙashinta ya narke ya shiga tsoka, naman kuma ya yi laushi har kusa da ƙashi. Wanda ya saba da balangu da gasasshiyar kaza ta tukuba zai ji rashin hayaƙin itace da yajin ƙuli, ni ma na ji shi, amma ban taɓa cin naman tsuntsu mai riƙe ruwansa haka ba.

Ba komai ne ya gamsar da ni ba. A zuwa na biyu, da dare, agwagwar ta daɗe a rataye, fatar ta saki, sanyin na'urar ɗakin kuma ya sa kitsen ya daskare a faranti kafin mu kai rabi. Wanda zai je ya je da rana, lokacin da ake fitar da gashin farko. Saran da ƙashi yana barin ƙananan tsinkayen ƙashi, don haka sai an kula idan akwai yaro ko tsoho. Takardar abincin da Sinanci kawai take, ma'aikatan suna da sauri amma ba su da lokacin bayani, wurin kuma yana da hayaniya ƙwarai. Ta fuskar kuɗi, abin da mu biyu muka biya bai kai abin da na kashe ni kaɗai a gidajen abincin Larabawa da Turkawa na unguwar Shawbei ba, inda 'yan kasuwarmu suka fi taruwa.

Da na dawo gida na ba Inna labari, ta ce, “Kai dai faɗi gaskiya, agwagwa irin wannan tawa?” Na gaya mata cewa ba iri ɗaya ba ce, domin tasu fara ce mai kitse da ake kiwo musamman don gashi, tamu kuwa mai jan fuskar nan ce, tsokarta ta fi yawa, kitsenta kaɗan. Duk da haka ta ba ni tsohon toro guda muka gwada. Gashin bai yi ba, fatar ta bushe ta yi tauri a tukubar mai naman garinmu. Amma sauran rabin da maiɗakina ta ɗora a tukunyar ƙasa tun hantsi, da citta da ɓawon lemo da 'yar magarya, tana kwashe kumfa da kitse har la'asar, ya ba da romon da ya kusa kai na Gwanzu. Inna ta sha kwano biyu da magariba, ta ce a ajiye mata sauran ta karya da shi da safe.