Shingen da ya dace da garkar bakin hanya

Mai garka a Jiratawa ko a bakin Gulbin Maraɗi yana fama da ƙura iri biyu: hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, da wadda manyan motoci ke tayarwa haɗe da hayaƙin gazuwal. Idan ta kwanta a kan salati da kabeji, takan toshe ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, ta tare hasken rana, sai shuka ta tsumbure. Hayaƙin kuwa, rana tana dafa shi ya haifar da iskar ozon mai yi wa ganyen wake da kankana ɗigo-ɗigo, kuma ita shinge ba ya yi mata komai, kada mai sayar da dashe ya ruɗe ka.

A wajen tare ƙura, ban ga na biyun bedi (dogon yaro) ba. Yana riƙe ganyensa a lokacin da hazo ya fi tsanani, yana jure fari da zarar ya kama ƙasa, kuma idan ana sassabe kansa yakan cika tun daga ƙasa maimakon ya miƙe sama. Shinge yana rage ƙarfin iska har nisan da ya kai tsawonsa sau 10, saboda haka layi guda a gefen arewa maso gabas ya wadatar da ƙaramar garka. Sai dai a nisanta shi da fangali, domin saiwarsa tana kwasar ruwa, inuwarsa kuma tana danne tumatir.

Zana da darni abincin gara ne. Itacen turare ya cika shan ruwa. Zogale na miya ne da kasuwa, ganyensa bai kai ya tare ƙura ba.

Inda aka cuce ni shi ne wurin sayen dashe. Wani ya sayar mini da bedi kore shar a cikin leda, ashe tumɓuko su ya yi a jeji ana gobe kasuwa, ya cusa a ƙasa ya yayyafa ruwa. Kafin sati suka bushe. Ka ja dashen a hankali: idan ya zare ba tare da ƙasa ba, ajiye masa kayansa. Ka kuma yage leda guda a gabansa, domin wanda ya daɗe a ciki saiwarsa takan nannaɗe, ba zai taɓa yin ƙarfi ba. Haka ragar inuwa, akwai jabu wadda ba a yi ta don jure rana ba, bazara guda take rududduge wa. Ka sayi dashe bayan damina ta kankama, a wurin da ka ga ana reno da idonka.